Katin sauti ko na kan allo: kundin gyaran sautin kwamfutata

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau mako guda ke nan da na gama haɗa kwamfutar, komai na tafiya daidai in ban da sauti. Abu biyu ke damuna. Da zarar na sa hedifon a kafar sauti (ramin da ake jona shi) ta gaban akwatin kwamfutar sai in riƙa jin wata siririyar tsuwwa kamar kukan sauro, kuma tana bin hannuna: in na motsa linzami ta tashi, in na tsaya ta lafa. Sannan muryar gwaji da na naɗa tana da wani shuuu a ƙarƙashinta daga farko har ƙarshe. Babban dalilin haɗa injin nan shi ne naɗar darussa da murya, don haka ba abin da zan kawar wa kai ba ne.

Abokina da ya taya ni haɗawa bai bari na rufe baki ba, ya ce in sayi katin sauti in huta. Na san inda ya samo maganar. A da kwamfuta ba ta da komai sai 'yar lasifika mai ƙit-ƙit a cikin akwati. AdLib ya fito a 1987, Sound Blaster na kamfanin Creative ya biyo baya a 1989, kuma duk mai son kiɗa ko wasa dole ya sayi kati. Daga baya Intel ta fito da tsarin AC'97 a 1997, ta maye gurbinsa da High Definition Audio a 2004, har ya zama kusan duk babban allon kwamfuta da na'urar sautinsa yake zuwa a jiki. Shawarar sayen kati ta ci gaba da yawo a bakin mutane bayan abin da aka gina ta a kai ya sauya.

Kuɗin da suka rage mini na sayayya ɗaya ne. In na saya ba daidai ba, sai dai in zauna da shi. Ba zan fitar da komai ba sai na gano inda matsalar take, kuma zan riƙa rubuta abin da na gwada a nan don kada in maimaita.

Litinin, 6 ga Janairu

Na cire hedifon daga gaba na mayar da shi koriyar kafar baya. Tsuwwar ta kusa ɓacewa gaba ɗaya, sai na ƙure ƙara a cikin dare nake ɗan jin alamarta. Na'ura ɗaya ce ke ba kafofin biyu sauti, ke nan laifin yana kan hanya tsakanin allo da gaban akwati.

Laraba, 8 ga Janairu

Na buɗe akwati da yamma. Wayar sautin gaba siririya ce, babu rufin kariya a jikinta, kuma da muke haɗawa mun bi da ita ƙarƙashin katin hoto, wato katin da ke sarrafa abin da ke fitowa a fuskar kwamfuta, mun ɗaure ta dam da wayoyin wutar katin don ciki ya yi tsaf. Katin hoto yana zuƙar wuta da sauri yana saki da sauri, duk motsin da aka yi a fuskar kwamfuta sai zuƙar ta canza. Wayar sauti tana kwance a jikinsa tana kwasar wannan hayaniya kamar eriya. Abin da ya sa tsuwwar ke bin linzami ke nan.

Na yanke ɗaurin, na zaro wayar, na bi da ita ta bayan farantin da allo ke kai, ta ɓullo daidai kusurwar ƙasa. Wajen mayar da kanta ne na yi ɓarna. Mazaunin yana da ƙusoshi tara, an bar gurbi ɗaya cikin goma babu komai, kan wayar kuma an toshe rami ɗaya don kada a juya shi. Wurin da duhu, hannuna bai samu sarari ba, na danna da ƙarfi alhali ya goce da layi ɗaya. Da na kunna, gaba shiru, kwamfutar ma ba ta gane an sa hedifon ba. Na haska da fitila na ga ƙusa ɗaya ta kwanta a kan 'yar'uwarta.

Kusan awa guda na yi a kanta. Na kashe wuta, na cire katin hoto gaba ɗaya don in samu fili, na sa bakin fensir mai cin lalle, irin wanda ake dannawa, na zura ƙusar a raminsa na riƙa ɗago ta kaɗan-kaɗan. Irin wannan ƙusa in aka lanƙwasa ta sau biyu ko uku karyewa take, kuma in ta karye kafar gaba ta tafi ke nan. Ta miƙe lafiya. Sauti ya dawo, tsuwwar ta ragu sosai amma ba ta mutu ba. Da wannan wayar marar kariya ba na jin za ta mutu.

Ban kashe ko sisi ba yau, sai yammacin da ya tafi.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau ranar awo ce. Hedifon biyu gare ni: ƙarami mai om 32 (om ma'aunin turjiya ne, wato yadda abu ke tare wutar lantarki) da nake yawo da shi, da babba mai om 250 da na saya don tace murya. A wayar hannu ƙaramin yana fita garau, a kwamfutar kuwa ƙasan sautinsa, wato sauti mai kauri irin na ganga, yana kumbura, murya ta dushe kamar ana magana a cikin tulu. Babban kuma sai na kusa ƙure ƙara kafin ya ishe ni.

Kowace kafar sauti tana da turjiyarta ta ciki, kuma ana iya auna ta da mitar lantarki da rizista ɗaya, wato ɗan kayan lantarki mai sananniyar turjiya. Na yanke wata tsohuwar waya mai kan milimita 3.5, na fere bakinta. Na sa manhajar sauti ta Audacity ta fitar da sauti ɗaya tsayayye mai haz 200 (kaɗawa 200 a daƙiƙa), don ƙananan mitocin lantarki an yi su ne saboda wutar gida mai haz 50 ko 60, ba a dogara da su a sauti mai tsini. Babu komai a jikin wayar, na ƙure ƙara, mita ta nuna bolt 1.1. Na rage har ta tsaya a 1.00 cif. Da na jona rizista mai om 33, sai ta faɗo zuwa 0.30. Lissafin shi ne a ɗebe na biyu daga na farko, a raba da na biyu, a ninka da rizistar: 0.70 raba 0.30 sau 33. Ya ba ni om 77.

Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce turjiyar kafa kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedifon. Mai om 32 yana son kafa mai om 4 ko ƙasa da haka, ni kuwa na ba shi 77. Abin da ke isa gare shi bai kai kashi 30 cikin ɗari na wutar ba, sauran ya tsaya a cikin allo. Abin da ya fi wannan muni, turjiyar hedifon ba a tsaye take wuri ɗaya ba, takan hau a ƙasan sauti, to a nan ne yake samun kaso mafi tsoka, shi ne kumburin da nake ji. Babban yana samun kamar kashi 76 cikin ɗari, launin sautinsa bai canza sosai ba, matsalarsa dai bolt ɗaya ya yi masa kaɗan in rikodin ɗin mai sanyi ne.

Wannan awo na rabin awa ya fi duk karatun da na yi a makon nan amfani. Yanzu na san abin da zan duba a jikin kowane kati.

Lahadi, 12 ga Janairu

Karatu kawai. Mafi yawan alluna guntun sauti na kamfanin Realtek suke amfani da shi, daga ƙananan irin ALC897 zuwa ALC1220 da aka rubuta masa desibel 120 na tazarar sauti da hayaniya. Wannan adadi na guntun ne shi kaɗai, yadda mai ƙera allo ya shimfiɗa layukansa da abin da ya sa a bakin kafa su ne ke yanke abin da zai iso kunne. Kilohaz 192 da ake bugawa da manyan haruffa a kwali kuwa bai ɗaga mini hankali ba. Faifan CD kilohaz 44.1 ne da bit 16, yana ɗaukar sauti har kilohaz 22 da tazarar kusan desibel 96, kunnen ɗan Adam kuma a kilohaz 20 yake tsayawa, shi ma a ƙuruciya. Turjiyar kafa, wadda ita ce ta dame ni, ban gan ta a takardar allona ba ko a layi ɗaya.

Alhamis, 16 ga Janairu

Abokina ya ara mini katinsa na ciki, mai shiga ramin PCIe da ke jikin allo, in gwada na kwana goma. Gajeren ramin da aka tanada don irinsa katin hoto ya rufe shi ruf da kaurinsa. Ɗan gajeren kati yana zama a dogon rami ba matsala, don haka na sa shi a na can ƙasa, wanda ma ya fi nisa da katin hoto.

Direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da shi, babba ne, ya zo da manhaja mai maɓallai birjik. Da na kunna waƙar farko sai da na gyara zama. Sauti ya buɗe, ganga ta yi nauyi, komai ya matso kusa. Na kusa kiran abokina in ce ya yi gaskiya. Da na leƙa manhajar sai na ga an kunna ƙarin ƙasan sauti, da na faɗaɗa fili, da na goge murya, duk tun daga masana'anta. Na kashe su ɗaya bayan ɗaya, bambancin ya riƙa raguwa. Abin da ya saura ina zargin ƙarfi ne, domin katin yana fitar da wuta fiye da allo, kuma kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau ko da tazarar ba ta kai a lura da ita ba.

Na auna kafarsa kamar yadda na yi wa allo: turjiya ƙasa da om 2. Wannan kam ci gaba ne na gaske.

Asabar, 18 ga Janairu

Na roƙi ƙanina ya taya ni gwajin da ido ba ya ciki. Na fara daidaita ƙarfin kafofin biyu da mita, hedifon na jone, har suka nuna adadi ɗaya. Na buɗe manhajar kiɗa sau biyu, ɗaya tana aikawa allo, ɗaya tana aikawa kati, waƙa ɗaya a tare. Na juya kujera na ba akwatin baya. Shi yana tsugune a bayansa da tsabar kuɗi da takarda: ya jefa, ya sa wayar inda ta nuna, in saurara in faɗa, ya rubuta ba tare da ya ce uffan ba. Ko da wuri ɗaya ya faɗo sau biyu a jere, sai ya cire ya mayar don kada shirun ya tona.

Zagaye 16 muka yi wa kowane hedifon. Mai canka kawai yakan samu kamar 8, sai an kai 12 ake fara cewa ba sa'a ba ce. A zagaye na biyar ya ɗago kai ya ce, "Yaya, kana jin ƙarar shigarta ne? Ta katin ta fi tauri." Gaskiyarsa, ramin katin yana yin ƙas in wayar ta shiga, kuma ina jin sa. Muka soke abin da muka yi, ya riƙa kunna fanka kusa da ni lokacin sauyi, ni kuma in cire hedifon in toshe kunne.

Da babban hedifon, a ƙarfin da nake sauraro kullum, na samu 9 cikin 16. Wato ban iya bambancewa ba. Na ji abin a raina, don a zagaye da dama na rantse na gane. Da ƙaramin na samu 14, kuma ban sha wahala ba: a allo ƙasan sautin yana kumbura, a kati ya ɗaure. Ya yi daidai da awon makon jiya, om 77 da om 2.

Ke nan abin da katin ya fi allona da shi a wajen sauraro shi ne kafarsa, ƙarancin turjiya da yawan wuta. Sashen da ke juya lambobi zuwa sauti, wanda a kansa ake ta talla, ban ji bambancinsa ba. Ƙanina ya gwada wasanninsa da yamma, ya ce gudun hoto bai ƙaru ba bai ragu ba. Ban yi mamaki ba. A zamanin Sound Blaster Live! na 1998 da tsarin EAX kati ne ke ɗauke wa kwamfuta lissafin sautin wasa, amma tun Windows Vista aka cire wannan hanya daga DirectSound, tsarin sautin wasa na Windows, yanzu babban injin kwamfuta ne ke yin aikin ba tare da ya ji a jikinsa ba.

Talata, 21 ga Janairu

Asara. Na zauna na naɗi darasi na farko cikakke, minti 40, makirufo na jone a kati. Na yi shi cikin natsuwa, har na ji daɗin yadda bayanin ya fita. Da na kunna don tacewa sai na ji muryata daga nesa, ɗaki na amsawa, fankar akwati ta fi ni kusa.

Na daɗe kafin na gano. Kafin in fara, kwamfutar ta yi barci ina cin abinci. Da ta farka katin bai farka tare da ita ba, ya ɓace daga jerin na'urori. Manhajar naɗa ba ta tsaya ba, ta koma kan makirufon da ta tarar, wato na 'yar kyamarar da ke saman fuska. Layin sautin yana motsi a fuskar kwamfuta kamar kullum, shi ya sa ban yi zargin komai ba. Na gwada sau uku in tabbatar: a sa ta barci, a tashe ta, sau biyu katin ya ɓace sai an sake kunna kwamfutar. Na sauke sabon direba, bai canza ba. Abokina ya ce a tasa kwamfutar bai taɓa yi masa haka ba, kuma na yarda da shi, rashin jituwa ne tsakanin katin da allona.

Na kashe barcin kwamfutar, na kashe makirufon kyamarar daga saiti. Daga yau kafin kowane naɗi zan yi daƙiƙa goma na gwaji in saurara, in ƙwanƙwasa kan makirufon da yatsa in ga shi ne ke amsawa. Darasin sai an sake shi daga farko, kuma na san karo na biyu ba ya fita kamar na farko.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na dawo kan shuuu ɗin, wanda shi ne asalin abin da ya dame ni. Na naɗi shiru na daƙiƙa 20 a kowace kafa, bayan na daidaita ƙarfi yadda muryata za ta kai inda ake so. A allo hayaniyar ƙasa ta tsaya wajen desibel −48, a kati wajen −54 (iya nisan adadin ƙasa da sifili, iya raguwar hayaniyar). ACX, masu karɓar littattafan sauti na Audible, suna neman −60 ko ƙasa da haka, da matsakaicin ƙarfi tsakanin −23 da −18. Ba can zan kai aikina ba, amma ma'auni ne mai kyau, kuma duka biyun sun gaza.

Ba a nan gizo yake saƙar ba, a nau'in kafar ne. Ramin makirufo mai milimita 3.5, na allo da na kati duka, waya ɗaya ce ke ɗauke da muryar sai ta ƙasa, wadda masu aikin wuta ke kira "earth". Muryar makirufo rarrauna ce ƙwarai, duk abin da wayar ta kwaso a hanya tare za a ƙara musu ƙarfi. Kafar XLR mai ƙusa uku tana aika muryar ta waya biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a juye, a ƙarshe a ɗebe ɗaya daga ɗaya: hayaniyar da ta shiga su biyun daidai ta soke kanta, muryar ta tsira. Ita ce kuma ke iya ba da bolt 48 ga makirufon da ke buƙata, alhali ƙaramin rami 'yan bolt kaɗan yake bayarwa. Katin ciki na masu wasa da sauraro ba a gina shi don wannan ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na mayar wa abokina katinsa da godiya. Ya tambaye ni, "To yanzu me ka yanke?" Na ce akwatin sauti na waje mai USB, irin na masu naɗa, mai kafar XLR ɗaya da kafar hedifon.

Ga yadda kuɗin suka kasance. Akwatin shi kaɗai kusan daidai yake da irin katin da na ara. Amma makirufona na yanzu ba zai shiga ba, dole sabo, da wayarsa, da abin kafa shi. Jimilla ta haura abin da na ware da kamar rabi. Na ɗage sayen ma'ajiyar bayanai ta biyu zuwa wani lokaci, wadda nake da ita za ta kai ni wata uku in ina share ɗanyen naɗi. Da sauraro ne kawai damuwata, da 'yar ƙaramar na'urar USB mai kamar yatsa ta ishe ni, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kati ba.

Makirufo na zaɓi irin mai maganaɗisu, wanda ba ya buƙatar bolt 48. Ɗakina ba a gyara shi don naɗi ba, kuma irin wannan ana magana ne dab da shi, don haka murya tana rinjayar amon ɗaki. Sharaɗinsa akwatin ya iya ƙara ƙarfi da desibel 50 zuwa 60 ba tare da shi kansa ya fara huci ba. Wannan adadi na duba kafin komai.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kaya sun iso. Na jona, Windows ta gane shi nan take, tun sabuntawar 1703 ta Windows 10 a 2017 tana tafe da direban USB Audio 2.0 nata. Duk da haka na sa direban ASIO na masu akwatin, tsarin da Steinberg ya ƙirƙiro don manhajar naɗa ta yi magana da na'ura kai tsaye. A kilohaz 48, ma'ajiyar samfur 128 (yawan gutsuren sautin da ake tarawa kafin a aika) jinkirin milisakan 2.7 ne, 512 kuma 10.7. Na tsaya a 256, don ba kiɗa nake yi ba. Ban ma buƙaci jin kaina ta cikin kwamfuta ba, akwatin yana da maɓallin da ke mayar da muryata kunne kai tsaye, babu jinkiri ko kaɗan.

Gwajin shiru: −62. Haƙa ta cim ma ruwa. Na saurari shirun da babban hedifon, shuuu ɗin lantarki ya tafi, abin da ya rage a ƙasa shi ne fankar akwati, wadda a da hayaniya ta binne ta. Na sake darasin da na yi asara.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Murnata ta ragu. Na jona lasifikokin tebur, masu wutarsu daban, a bayan akwatin sauti. Da ƙanina ya buɗe wasa sai ga tsuwwar nan ta ranar farko ta dawo, wannan karon daga lasifika, da wani gurnani a ƙarƙashinta. A hedifon babu komai, tsit.

Ashe fitar da na'urar sauti daga cikin akwati ba ya raba ta da kwamfutar. Wayar USB tana ɗauke da layin ƙasa na kwamfuta zuwa akwatin sauti, daga nan wayar sauti ta kai shi lasifika, lasifika kuma tana da nata layin ƙasa ta soket, wanda ya koma ya haɗu da na kwamfutar. Zobe ya rufe. Dattin wutar katin hoto yana zagayawa a cikinsa, kuma wayoyin da na yi amfani da su tsofaffi ne masu layi ɗaya da rufi, a rufin nan dattin ke bi ya gauraya da sauti. Hedifon ba shi da wata hanya zuwa ƙasa, shi ya sa ya tsira.

Na mayar da komai kan soket ɗaya, gurnanin ya ragu, tsuwwar na nan. Na sauya ramin USB daga gaba zuwa baya, na gwada huɗu, ɗan bambanci kaɗan. Na ga masu cewa a cire ƙusar ƙasa daga filogin lasifika. Zai yi shiru, amma wannan ƙusa ita ce ke tsakanin mutum da mutuwa ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfen na'ura. Ba zan yi ba, kuma duk wanda ya tambaye ni zan hana shi. Da na duba bayan lasifikokin na ga suna karɓar waya mai layi biyu da rufi, irin tsarin XLR, akwatin ma haka yake fitarwa. Na yi odar guda biyu. Ƙarin kuɗi ne da ban lissafa ba, ko da yake ba mai yawa ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wayoyi sun zo, masu zobe biyu a kai. Na sauya, ƙanina ya buɗe wasan, na kanga kunne a jikin lasifika. Shiru.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Darussa uku a makon nan, babu tangarɗa. Na shiga BIOS, wato saitin babban allo, na rage gudun fankoki in injin bai yi zafi ba, shiru ya sauka zuwa −64.

Wata abokiyar aiki ta ji ina wannan fama, ta ce ita ma kati take shirin saya don tarukan intanet. Na tambaye ta da me take ji, ta ce hedifon mai USB, wani lokaci kuma lasifikar fuskar kwamfuta. Na ce, "Malama, ki riƙe kuɗinki." Hedifon mai USB da na'urar sautinsa yake tafe a ciki, sautin da ke bi ta HDMI, wayar da ke haɗa kwamfuta da fuskarta, kuma daga katin hoto yake fita a matsayin lambobi. Duka biyun ba sa bi ta na'urar allo, kuma ba za su bi ta katin da za ta saya ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na auna kafar hedifon ta akwatin sauti, abin da ya kamata in yi tun ranar da ya zo. Wajen om 10. Ga babban hedifon ya wadatar, kashi ɗaya cikin 25 ne, kuma ƙarfi ya isa tun maɓallin yana rabi. Ga ƙaramin ya haura om 4 ɗin da ake so. Ya fi allo nesa ba kusa ba, amma katin abokina ya fi shi a wannan fanni, dole in faɗa. Ƙaramin ba da shi nake aiki ba, don haka zai jira. In kuɗi sun samu zan saya masa 'yar na'urar USB ɗin nan.

Na'urar allo ban kashe ta ba. Ƙanina yana sa hedifonsa a koriyar kafar baya yana wasa, bai taɓa korafi ba. Kafar gaba na daina amfani da ita, na liƙa mata ɗan tef don kada a manta.

Da na saurari darasi na bakwai da kyau, abin da ya fi fitowa yanzu shi ne ɗakin: ƙarshen kowace kalma yana dawowa daga bangon da ke bayana, musamman in na ɗaga murya. Gobe zan tafa hannu a kusurwoyi huɗu in naɗa, in ga inda amon ya fi daɗewa. Mako mai zuwa zan rataya bargo mai kauri a bayan kujera, in matsar da tebur daga kusurwa, in sake naɗar sakin layi ɗaya a kowane mataki don in kwatanta.